Nonon Acca

Ƙarar ba ta kai a kira ta ƙara ba. Wani ɗan tsss ne, kamar yayyafi ya taɓa kwanon rufi sannan ya fasa. Ina sunkuye a kicin ina jawo farantin ƙarfe daga ƙasan tebur, sai na ji shi a cikin farantin. Na ɗaga kai, babu hadari, kuma rufinmu ba ta wannan gefen yake yoyo ba. Na sake sunkuyawa, ya sake yi. Da na kai farantin bakin taga sai na ga acca ce, kamar cikin cokali guda. Daga cikin rigata take zuba.

Sai a lokacin na gane abin da ya sa kaji suka yi ta bina tun safe, daga bakin rijiya zuwa igiyar shanya, daga igiyar shanya zuwa ƙofar kicin. Da na ɗauka sabo ne. Jikata, 'yar shekara shida, wadda uwarta ta bar mana a Kafanchan saboda aikinta a Kaduna, tana zaune a bakin ƙofa tana cin dafaffen rogo. Ta dubi farantin, ta dubi ƙirjina, ta ce nonona ya huje. Ta faɗe shi yadda ake cewa sukari ya ƙare.

Shekara huɗu kafin wannan rana aka cire min nonon hagu a wani babban asibiti a Jos. Kansa ce. Aka yi aiki, aka yi kemo, gashi ya zube ya dawo da furfura fiye da yadda ya tafi, hannun hagu kuma ya koyi kumbura in na yi wanki da yawa. Wannan duk labari ne da mata da yawa za su iya ba ku. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, rigar zumuntar mata don mai nono biyu aka yanka ta.

Na fara da auduga. Auduga ba ta da nauyi, ba ta zama inda aka ajiye ta. A wani biki muna rawa ta yi ta hawa har ta kusa wuyana, sai da matar fasto ta matso ta ce min a kunne in gyara kafaɗata. Na gwada soson katifa, ya cika zafi da ƙaiƙayi. Na gwada gero, na wanke shi ban shanya shi da kyau ba, ga damina ga gumi, kwana uku ya fara tsiro. Wata tsohuwa 'yar Kagoro ce ta cece ni, muna layin ganin likita. Ta ce acca. A soya ta sama-sama a busasshiyar tukunya don kada ƙwari su shiga, a ɗinke ta cikin ƙyallen tsohuwar singileti, a yi mata riga ta waje wadda za a riƙa cirewa a wanke. Acca laushi gare ta kamar rairayi, tana ɗaukar ɗumin jiki, in kika kwanta ita ma ta kwanta. Awo kuwa da hannu ake yi: ki tallabi na gasken da tafi ɗaya, jakar a ɗaya tafin, ki yi ta ƙarawa cokali-cokali har hannuwan biyu su yarda da juna. Yadda muke ɗaga kaza a kasuwa kafin mu yi ciniki.

Jakar da ta huje ta fi shekara a jikina. Wato na fi shekara ban tallabi na dama irin wannan tallabar ba. A wanka hannu wucewa yake yi, ba ya tsayawa.

Ba wai ba na duba jikina ba ne. Maigidana tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma duk da ya daɗe da ajiye aiki bai ajiye lokaci ba. Ran ɗaya ga kowane wata yana zagaye ranar da jan biro a kalandar coci, ni kuma in shiga ɗaki da madubi, in tsaya bakin taga, in bi tabon da yatsu daga tsakiyar ƙirji har hammata, a hankali, kamar ina neman tsakuwa a cikin wake. In na fito ya ce, an duba? In ce, an duba. Tabon nake tsaro, don a tunanina ta inda abin ya shigo ta nan zai dawo. A asibiti sun faɗa min in riƙa duba duka biyun, in kuma zo kowace shekara a ɗauki hoton na dama. Sun faɗa, sun rubuta a kati. Na je sau biyu. Shekara ta uku matar ɗana ta haihu na tafi wankan jego. Shekara ta huɗu ba ni da wani dalili da zan iya faɗa a gaban Ubangiji. Na dama bai taɓa yi min laifi ba. Shi yarana huɗu suka fi sha. A gida ma mai lafiyar muke ce masa, kamar sunan yanka.

Da la'asar ɗin ranar na soya acca, na baza ta ta huce, na ɗinka sabuwar jaka na bar bakinta a buɗe. Na shiga ɗaki, na tura ƙofa, na tallaba. A ƙasa, ta wajen hammata, yatsana ya samu wani abu kamar ƙwayar gujiya. Tauri gare shi, ba ya ciwo, ba ya gudu in an taɓa shi. Na san shi. Wanda aka taɓa yi wa irin wannan sallama ba ya bukatar a gaya masa wane ne a ƙofa.

Na ƙarasa awon. Sai da na ƙara cokali biyu. Na ɗinke bakin jakar, na sa ta a bireziya, na fita na ɗora ruwan tuwo.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, kuma na san shi. Abin da ya hana ni, wata malama ce a Manchok.

Shekara guda kafin nan, a babban taron zumuntar mata a Zonkwa, na tashi a gaban matan ikilisiyoyi da yawa na ba da shaida. Na ce an yanka ni, ga ni tsaye. Tun daga ranar na zama wadda ake ɗauka a kai wa masu ciwo. Duk matar da ta ji ƙullutu ta ƙi asibiti, sai a ce a kira Mama ta Kafanchan. Domin a wajenmu akwai maganar da kowa ya sani, mai zuwa coci da mai zuwa masallaci: kansa ba ta son ƙarfe, in wuƙa ta taɓa ta sai ta tsallaka ɗaya gefen ta yi fushi. Mata nawa wannan magana ta zaunar a gida har abin ya fashe, ban ƙirga ba, amma na je jana'izar wasu.

Malamar firamare ce, yarinya ƙarama, ɗanta na fari bai daɗe da fara tafiya ba. An gwada an ce kansa ce, an ce a yi aiki. Gwaggonta, wadda ta rene ta tun rasuwar uwarta, ta ce sai dai bayan ranta, akwai mai magani a bayan dutse da ke zuƙe irin wannan da ganye. Matar fasto ta ɗauke ni muka je. Na rufe ƙofa, na buɗe riga na nuna musu tabon. Na ciro jakar accata na ɗora a tafin gwaggon. Ta jujjuya ta, ta shinshina, ta ce an soya da kyau. Sannan ta nuna na dama da haɓa.

"Wannan fa?"

"Lafiyarsa ƙalau," na ce. "Shekara huɗu ke nan."

A kan wannan magana malamar ta yarda. Aka sa ranar aikinta. Ranar da acca ta zuba a faranti, saura mako biyar.

Na zauna na yi lissafi irin na matar gida. In na ɗauki katina na nufi Jos, direban bas ɗin safe ɗan dattijon cocinmu ne. In na fara ta asibitin garinmu, nas ɗin da ke karɓar kati tana cikin mawaƙanmu. Kafin in dawo gida labari ya riga ni isa Manchok, kuma ba zai isa yadda yake ba. Zai isa ne a matsayin: wuƙa ta taɓa na hagu, ga shi ya tsallaka dama, a jikin mai shaidar da kanta. Gwaggo ba za ta ce komai ba, za ta tare mashin ne kawai zuwa bayan dutse. Na ce to, mako biyar ba shekara ba ne. In aka yi wa yarinyar nan aiki, washegari zan tafi. Na durƙusa na gaya wa Ubangiji wannan shiri filla-filla. Ban tambaye shi ra'ayinsa ba.

Ɗaya ga wata ya zo. Maigidana ya zagaye ranar, na shiga ɗaki na fito.

"An duba?"

"An duba tabo. Lafiya lau."

Ba ƙarya na yi ba. Amma ranar Lahadi da aka zo roƙon gafara, na daɗe da kaina a sunkuye fiye da na kusa da ni.

Mako biyar suka cika, aka ce jinin malamar bai kai ba, ta koma gida ta ci abinci, a sake gwadawa bayan mako uku. Na shiga dafa mata zogale da hanta ina aikawa da masu mashin. Ita ina yi mata addu'ar jini ya hau, ni kuma ina roƙon gujiyata ta zauna inda take. Yanzu kullum nake taɓa ta, da safe bayan addu'a, da rana in na shiga ɗauko wani abu. Ko ta girma ne, ko yatsana ne ya ƙware, ban iya bambancewa ba. Jikata ta lura ina yawan shiga ɗaki ina tura ƙofa, ta tambaye ni ko alewa nake ɓoyewa.

Wata Asabar da hantsi sai ga malamar a kan mashin, da ƙullin acca a leda da tsohuwar singiletin mijinta. Ta ce tana so ta koyi ɗinkin tun hannunta biyu suna aiki, kuma tana so ta yi awon tun abin awon yana nan. Na ɗora accar a wuta, muka zauna a tabarma a kicin. Na nuna mata yadda ake yanka ƙyallen kamar ganyen gwaza, yadda ake ninka ɗinkin sau biyu a ƙasa, don ta nan yake hujewa. Na ba ta labarin kaji, ta yi dariya har da hawaye. Hannunta na da kyau a allura.

Can sai ta ajiye allurar. Ta ce gwaggo ta sake farawa, kullum da labarin wata da aka yanka. Ta ce ita ba ta ja da baya ba, amma ƙafafunta suna yi mata nauyi.

"Mama, ki sake faɗa min abin da kika faɗa ran nan. Game da ɗayan. Ina so in shiga ɗakin aikin da shi a kunnena."

Allura na hannuna. Kalma biyar ce ko shida, kuma na taɓa faɗarsu. Na san yadda ake yin shiru, na yi shi mako bakwai, amma wannan ba shiru take nema ba. Na soke allurar a zanina, na kamo hannunta, na kai shi ƙarƙashin rigata, na danna yatsanta a wurin.

Ta daɗe ba ta cire hannun ba. Ita ma ta san shi.

"Tun yaushe?"

"Mako bakwai."

"Saboda ni?"

Na ce mata accar tana ƙonewa. Gaskiya ne kuwa, ƙauri ya cika kicin ɗin. Ta tashi ta sauke tukunyar, ta juye a faranti, ta tsince baƙaƙen da cokali. Tana yi tana magana, ba ta dube ni ba. Ban san tana da muryar aji ba sai ranar. Ta ce ita ba ta roƙi kowa ya mutu don ta rayu ba, an riga an yi mata wannan sau ɗaya, ranar da uwarta ta rasu wurin haihuwarta, kuma ya isa. Ta ce da ni 'yar ajinta ce da na durƙusa a rana. Na ce mata abin da na ji tsoro, cewa za ta ɗauka wuƙa ce ta kore shi zuwa can, ta fasa.

"Ko da wuƙar ce, Mama, shekara huɗu kika samu. Ɗana jiya-jiya ya fara tafiya. In aka ba ni huɗu, ni zan kai shi makaranta da hannuna."

Sannan ta ce ran Litinin za ta koma a gwada jininta, kuma bas ɗin safe ba kujera ɗaya gare shi ba.

Bayan ta tafi na samu maigidana a baranda yana jin rediyo. Na gaya masa a tsaye. Ya kashe rediyon. Ya tambayi wace rana na fara ji, na faɗa, ya shiga ya tsaya gaban kalanda yana dubawa, da jan zagayen nan biyu a tsakani. Na jira faɗa. Da ya juyo sai ya ce, "Maman yara, ni ma ai tabon kawai nake tambaya." Ya ciro katina daga cikin ledar takardunsa, ya ajiye a kan tebur, ya ɗora Littafinsa Mai Tsarki a kai don kada iska ta ɗauke, ya je ya sa gawayi a dutsen guga.

A Jos aka sa nonon a na'urar hoto ta matse shi kamar ana tatsar mai daga ƙuli. Aka yi sikanin, aka tsakuro ɗan nama da allura, aka ce mu dawo. Muka dawo. Likitar mace ce, ba ta kai 'yata ta biyu a shekaru ba. Ta ce kansa ce. Na tambaye ta kai tsaye ko wuƙar farko ce ta koro ta. Ta ajiye biro. Ta ce a'a, ba wuƙa ba ce, kuma yadda gwajin ya nuna wannan sabuwa ce, da kanta ta fara a nan. Wadda ta taɓa yi a ɗaya ana sa ido a kan ɗayan, shi ya sa suka rubuta min a kati. Ta ce ƙarama ce, hammata kuma da alama ba ta taɓu ba. Ta tambayi yaushe na fara ji, na faɗa mata gaskiya. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce da ta fi so ta gan ni tun ranar. Na roƙe ta ta maimaita min maganar wuƙar a hankali, don akwai inda zan kai ta.

Na kai ta Manchok. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta ce ai ita ta faɗa. Ba ta canja ra'ayi ba, har yau ban ji ta canja ba. Amma ranar aikin malamar ita ce ta ɗauki kular abinci, ita ce ta zauna a benci tun safe da jariri a baya, tana yi wa duk nas ɗin da ta wuce kallon tuhuma. Aka fito da yarinyar lafiya.

Ni aka yi nawa bayan mako uku. An ce za a iya cire ƙullutun kaɗai, amma sai in yi ta zuwa wani gari mai nisa ana gasa wurin da na'ura. Na ce a cire duka, na san hanyar. Kafin in tafi na tashi a taron zumuntarmu na ranar Alhamis. Na ce ban zo janye godiyar da na yi a Zonkwa ba, shekara huɗun nan na ci su, na ga jikoki biyu a cikinsu. Na ce amma mai lafiyar ma a riƙa duba shi, ni ban duba ba sai da kaji suka tuna min. Wasu suka yi dariya, wasu suka ga bai kamata ba. Matar fasto ta ta da waƙar da ake tayarwa in ba a san abin da za a ce ba.

Ko makonni bakwai ɗin nan sun ci min wani abu, ban sani ba. Na tambaya, likitar ma ta ce ba za ta iya rantsewa ba. Ina shan ƙwaya kowace safiya, ina zuwa duk ranar da aka rubuta. Maigidana yanzu tambaya biyu yake yi, hagu da dama, duk da babu ko ɗaya.

Da ciwon ya warke har zan iya sa riga, na ce bari in ɗinka jaka ta biyu kafin Lahadi. Na soya acca, na baza ta huce, na ninka ɗinkin ƙasa sau biyu. Na zauna a bakin gado da jakar a tafin hagu, hannun dama kuma ya tafi ƙirjina da kansa, yadda ya saba, a buɗe. Ya samu riga da ƙashi. Ban yi tunanin wannan ba sam. Duk wahalar asibiti ban yi kuka ba, sai ga ni zaune da cokali da faranti, hannu a shimfiɗe kamar mai jiran a ba ta wani abu.

Haka jikata ta same ni da ta dawo daga makaranta, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta tambayi me ya faru, na ce ban san cokali nawa zan zuba ba, abin da nake aunawa da shi babu. Ta dube ni kamar na faɗi jarrabawa mai sauƙi. Ta hau gadon, ta ɗauko tsohuwar jakar daga kan matashi, wadda na ɗinka ranar da kaji suka bi ni, ta ɗora min a tafin da ke buɗe.

"Kaka, ki auna da wannan mana. Ba da mai lafiyar kika auna ta ba?"